Gidan abincin 'yan Biyetnam na bakin layinmu: a kai iyali ko a haƙura?

Baban Hanifa (Landan):
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani al'amari da ya shafi ciki, domin na san a cikinmu akwai waɗanda suka riga ni zama a ƙasashen nan da shekaru masu yawa. A unguwarmu ta Deptford, kudu maso gabashin Landan, akwai wani ɗan ƙaramin gidan abinci na mutanen Biyetnam wanda na shekara biyu ina wucewa ta ƙofarsa ban taɓa leƙawa ba. Ranar Talatar da ta gabata, bayan mun tashi daga aiki da misalin ƙarfe 2 na rana, wani abokin aikina Musulmi ɗan Bangladesh ya ja ni muka shiga, ya ce can yake fakewa duk ranar da sanyi ya matsa masa.

Wurin bai wuce tebur 8 ba. Gilashin taga ya yi raɓa saboda tururi, wata tsohuwa tana zaune a kusurwa tana tsinke ganye a cikin roba, ɗanta shi ne mai karɓar oda kuma shi ne mai karɓar kuɗi. Abin da muka ci sunansa pho, ko da yake su da kansu suna furta shi kusa da "fa", da ɗan jan murya. An kawo mini kwano mai girman ƙaramar tasa, cike da romo garai-garai kamar shayin da ba a sa wa madara ba, a ƙasansa taliyar shinkafa fara mai faɗi, a samansa naman sa da aka yanyanka siriri kamar za a shanya kilishi. A gefe kuma faranti guda na ɗanyen ganye da tsiron wake da lemun tsami da barkono. Ƙanshin da ya fara dukan hancina na kanumfari ne da kirfa da citta, har sai da na tuna shayin da mahaifiyata take dafa mana lokacin hunturu a Kano. Na biya fam 11.50, kuma ban sake neman abinci ba sai bayan isha'i, alhali a tsakiyar gari wannan kuɗin da ƙyar zai saya wa mutum burodi da ɗan abin sha.

Damuwata ita ce wannan. A jikin ƙofa sun manna takarda cewa naman sa da kazarsu na halal ne, amma da na buɗe takardar abincin sai na ga akwai naman alade a wurare da dama. Ina so in kai iyali ranar Asabar, uwargida kuwa ta ce ba za ta taka wurin ba sai ta ji ta bakin masana. Don Allah wanda ya san abincin mutanen nan ya haska mana.

Hajiya Maman Sadiq (Manchester):
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, ina bayan ƙanwata a wannan magana, kuma ka gaishe ta da kyau. Ni abin da shekaru suka koya mini a kicin shi ne, nama ana iya ganinsa a ture shi gefe, amma romo ba ya faɗin abin da aka dafa a cikinsa. Takardar da ke jikin ƙofa tana magana ne a kan naman da aka ɗora maka a sama, ba ta ce komai ba game da ƙasusuwan da suka kwana a tukunya, kuma ba ta gaya maka ko ludayi ɗaya ne yake shiga tukunyar sa ya fito ya shiga ta alade ba. Sannan ita kanta arhar tana ba ni tsoro. A garin da kuɗin haya da na wuta suke cin mai sana'a da rai, wanda ya cika maka tasa da nama a kan fam 11 sai ka tambayi kanka inda ya rage. Hausawa suka ce arha ba ta ado. Da wannan kuɗin sai in sayi ƙashin sa da kayan ciki a wurin mahaucinmu in yi farfesun da zai ishi gida duka, kuma na san abin da hannuna ya zuba.

Ɗan Damagaram (Paris):
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarki na karɓa hannu biyu, ɗaya rabin kuma ina neman izini in yi gyara. Na haura shekara 20 a Paris, kuma na daɗe ina aiki kusa da gunduma ta 13, inda titin Choisy da titin Ivry suke cike da gidajen abincin mutanen Biyetnam da Kambodiya da Laos, saboda haka na ci wannan romo fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Batun arha ba abin tsoro ba ne idan aka dubi abin da ke cikin kwanon. Ginshiƙin abincin ƙashi ne, kuma ƙashi shi ne mafi arha a teburin mahauci a ko'ina cikin duniya. Ana fara tafasa ƙasusuwan a zubar da ruwan farko, a wanke su, sannan a mayar da su kan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon awanni ana kwashe kumfa, abin da ya sa romon yake fitowa garau. Albasa da citta ana babbaka su a wuta kafin a jefa, sai kirfa da kanumfari da wani ɗan busasshen 'ya'yan itace mai siffar tauraro. Taliyar shinkafa ba ta da tsada. Naman da ya cika maka ido kuwa, da za a tattara shi a auna, ba shi da nauyi, sirantar yankan ce take sa ya rufe fuskar kwano. Ki ƙara da cewa ma'aikatan 'yan gida ɗaya ne, tukunya ɗaya tana ciyar da mutum da yawa, kuma ba wanda yake zama fiye da rabin awa a kan tebur. Lissafin mai tuwo-tuwo ne na bakin tasha, ba wani sihiri a ciki.

Amma batun tukunya, nan kam kin taɓo inda yake ciwo, kuma ni na taɓa ƙonewa. A shekarata ta farko na koyi cewa "bo" na nufin naman sa, sai na ɗauka na gama karatu. Wata rana a wani gida na ga an rubuta bun bo Hue, na yi oda da ƙarfin gwiwa. Da aka kawo, na sa cokali na juya, sai ga ƙafar alade da fatarta ta taso, tare da wasu 'yan dunƙule masu launin hanta waɗanda daga baya na gane daskararren jini ne. Na ajiye cokali, na biya, na fita ina istigfari. Laifin ba nasu ba ne, haka ake dafa wannan miya a Hue, tsohon birnin sarautarsu, kuma ni ne ban tambaya ba.

Tun daga ranar na haddace 'yan kalmomi. "Ga" kaza ce, "ca" kifi, "tom" jatan lande, "chay" abincin da ba nama. Alade kuwa "heo" ne a bakin mutanen kudu, "lon" a bakin na arewa, kuma idan aka rubuta "thit" kawai, wato nama, ba a faɗi na wace dabba ba, galibi alade ake nufi. Miyar hu tieu da ƙashin alade ake yinta. Burodinsu banh mi, wanda suka gada daga Faransawa, yawanci ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade tun kafin a sa abin da ka zaɓa. Shi pho na asali da ƙashin sa ake yinsa, ko na kaza, sai dai akwai masu ƙara ƙashin alade don zaƙi ko don rage kashe kuɗi, kuma wannan ba a gane shi da ido.

Baban Hanifa (Landan):
Baba Ɗan Damagaram, na gode ƙwarai. Wallahi wannan bun bo Hue ɗin shi na yi niyyar gwadawa ranar Asabar, domin na ga hotonsa ja wur da barkono na ce wannan ya fi kama da namu. Allah ya kiyaye gaba.

Malam Abu Yusuf (Birmingham):
Assalamu alaikum. Ba fatawa zan bayar ba, zan dai rarrabe mas'alar ne, domin an haɗa abubuwa uku a kwano ɗaya kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne yanka. Idan da gaske naman daga mahaucin halal yake zuwa, to addinin mai dafawa ba ya haramta shi, tunda ba shi ya yanka ba. Abin da ake bukata shi ne tabbaci, kuma a nan Ingila hanyar samunsa ba ta da wuya: a tambayi wurin da suke sayen nama, a nemi ganin rasit ko takardar shaida. Akwai hukumomi irin su HMC da HFA da ke ba da shaidar halal, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. A tuna cewa ƙashi ma ɓangaren dabba ne. Idan tsokar ta halal ce amma ƙashin da aka yi romo da shi daga wata kasuwa aka kwaso, ba a yi komai ba.

Na biyu shi ne cuɗanya, wato abin da Hajiya ta faɗa. Alade da jini haramcinsu a fili yake a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Ma'ida, kuma romon da aka dafa su a ciki ya bi hukuncinsu ko da an tsame su. Game da kwanuka kuwa akwai hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani, wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan kwanukan Ahlul Kitabi, aka ba shi amsa da ma'anar cewa idan akwai wasu kwanukan a bar nasu, idan babu a wanke a ci a ciki. Saboda haka wankakken kwano da wankakken cokali ba su ne matsala ba. Matsalar tana wurin abin da ba a wankewa tsakanin oda da oda: man suya, da ƙarfen gashi, da katakon yanka, da ludayi.

Na uku shi ne kayan ruwa, kuma nan akwai sauƙi. A mazhabar Imam Malik da galibinmu muka tashi a kai, dabbobin ruwa halal ne, kifi ne ko jatan lande ko ƙaguwa, saboda hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. 'Yan'uwanmu Hanafawa sun taƙaita a kan kifi, shi ya sa za ku ga wasu daga cikinsu suna kauce wa abin da mu muke ci. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da nama ba, ƙofar kifi da ganye a buɗe take, da sharaɗin ya tambayi ruwan da aka dafa su da shi.

Injiniya Baban Amir (Berlin):
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, kuma ba da nufin jayayya ba. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi. Na san yawancin mutanen Biyetnam ba Ahlul Kitabi ba ne, mabiya addinin Buda ne da al'adar girmama kakanni, Kiristocinsu 'yan tsiraru ne. To amma kamar yadda Malam ya ce, ba su ne masu yanka ba, naman daga mayankar ƙasa yake fitowa, ƙasar kuma ta Kiristoci ce. Ina tambaya ne domin a nan Berlin gidajen abincinsu sun fi na kowa arha bayan na Turkawa. Tun zamanin Jamus ta Gabas aka kawo su aikin kwantiragi a masana'antu, kusan mutum 60,000 ne lokacin da katangar Berlin ta faɗi a 1989, kuma da masana'antun suka rufe da yawansu suka koma sana'ar abinci da kasuwanci. Babbar kasuwarsu ta Dong Xuan tana unguwar Lichtenberg. Ɗalibanmu da dama can suke ci, kuma ba kasafai ake ganin takardar halal a ƙofa ba. Shin duk sun ci haram ke nan?

Malam Abu Yusuf (Birmingham):
Injiniya, ba zan ce sun ci haram ba, domin malamai sun yi saɓani na gaske a kan naman mayankun ƙasashen nan. Masu sauƙaƙawa sun riƙe ayar da ka kawo. Masu tsanantawa kuma suna cewa ba a san addinin mai yankan ba, sannan ana sumar da dabba kafin yanka, wani lokaci ta mutu tun wuƙa ba ta taɓa ta ba. Ni ina tare da na biyun a garin da naman halal yake a kowane layi, kamar Landan da Birmingham da Berlin ɗin kanta. Amma ka lura, ko wanda ya ɗauki fatawar sauƙi bai tsira daga tambayar tukunya ba, tunda babu malamin da ya halatta ƙashin alade.

Hajiya Maman Sadiq (Manchester):
To na ji batun arha, Ɗan Damagaram, na kuma janye wannan. Amma ku ba ni amsar abu ɗaya. Wata maƙwabciyata ta taɓa buɗe kwalbar wani ruwa da suke zubawa a kowane abinci, ta ce na kifi ne, wallahi sai da na buɗe tagogi. Ta ce mini kifi ake bari ya ruɓe a tace ruwansa. Yaya mutum mai hankali zai biya kuɗi a zuba masa ruwan ruɓaɓɓen kifi a miya?

Alhaji Mai Kashu (Kano da Legas):
Hajiya, ranki ya daɗe, ki yi mini afuwa idan na ce wanda yake da daddawa a kicin bai kamata ya yi wa kowa dariya ba. Ki tuna warin unguwar da ake tsuma kalwa, sannan ki tuna miyar kuka idan babu daddawar. Ruwan nan sunansa nuoc mam, kuma ba ruɓa aka bar kifin ya yi haka kawai ba. Ƙananan kifaye ake jerawa da gishiri mai yawa a manyan gangunan katako, a bar su kimanin shekara guda, gishirin ya hana lalacewa, sannan a tatso ruwan. Na tsibirin Phu Quoc ya fi suna. A kwalba yana da ƙarfi, amma idan ya shiga romo mai zafi warin yana ɓacewa ya bar ɗanɗano kawai.

Ni ban zauna a Turai ba, amma harkar kashu ta kai ni birnin Ho Chi Minh sau da dama, domin Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen fasa kashu da fitar da shi, kuma ɗanyen da yawa daga Afirka ta Yamma suke saye, har da na Najeriya. A can wannan pho abincin karin kumallo ne na ma'aikata, ana shansa a bakin titi a kan 'yan kujerun roba gajeru kamar na yara. Asalinsa daga arewa ne, yankin Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20. Bayan an ci Faransawa da yaƙi a Dien Bien Phu a 1954 aka raba ƙasar biyu, mutane kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura daga arewa zuwa kudu da tukwanensu. Mutanen kudu ne suka ƙara masa zaƙi da wannan farantin ganye da tsiron wake, na Hanoi kuwa ba ya zuwa da tarkace da yawa. Saboda haka farantin da aka ajiye wa Baban Hanifa salon kudu ne. Da Saigon, babban birnin kudu wanda yanzu ake kira Ho Chi Minh, ta faɗi ranar 30 ga Afrilu 1975, da shekarun da suka biyo baya, dubun dubatar mutane suka fita ta teku a ƙananan jiragen ruwa, kuma ta haka romon ya isa Amurka da Faransa da Ostireliya da Ingila.

Abin da zan ƙara wa Malam shi ne, akwai Musulmi a cikinsu. Ƙabilar Cham suna da Musulmi da yawa, musamman a yankin Chau Doc kusa da iyakar Kambodiya, kuma a tsakiyar Ho Chi Minh akwai babban masallaci a titin Dong Du wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935, na yi Juma'a a cikinsa. Kusa da kasuwar Ben Thanh akwai layi guda na gidajen abincin halal saboda baƙi 'yan Malesiya. A can na sha pho da zuciya ɗaya, kuma ɗanɗanonsa bai ragu da komai ba don babu alade a kicin ɗin.

Ummu Yasir (Landan):
Yaya Baban Hanifa, ni ma'aikaciyar jinya ce, zan duba abin ta fuskar lafiya tunda da yara za a je. Kafin komai ka duba makin tsabta na wurin. Ƙananan hukumomi, a ƙarƙashin tsarin hukumar kula da ingancin abinci, suna ba gidajen abinci maki daga 0 zuwa 5, shi ne koren tambarin nan da ake mannawa a taga. A Ingila ba dole ba ne su manna, amma ana iya dubawa a shafin hukumar a intanet. Tsufan kujeru ba ya nuna komai, na ga wurare masu ƙyalli da maki 2, na ga 'yan ƙananan shaguna da maki 5.

Naman da ka ce siriri kamar kilishi, idan an rubuta "tai" a gaban sunan abincin, ɗanye ake ɗora shi, zafin romon ne yake dafa shi a cikin kwano. Ga babba mai lafiya ba laifi, amma mai juna biyu da ƙananan yara su nemi "chin", wato wanda ya dahu sosai. Tsiron waken ma ɗanye ne, a roƙe su su tsoma shi a tafasasshen ruwa, suna yi ba musu. Idan akwai yaron da gyaɗa ko jatan lande ke tayar wa da ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi, a faɗa tun kafin oda, domin suna barbaɗa dakakkiyar gyaɗa a abinci da yawa, kuma doka ta wajabta musu su bayyana abubuwa 14 da ke jawo irin wannan. Mai hawan jini kuma kada ya shanye romon tas, gishirinsa ya fi yadda harshe ke ji. Batun farin magi da ake yawan zarginsu da shi ban ɗauke shi da zafi ba, tunda wanda muke zubawa a miyarmu ta gida shi ne dai nasu.

Ɗan Damagaram (Paris):
Alhaji ya tuna mini wani abu. Duk wanda ya zauna a Dakar ko Abidjan ya san nem, wannan soyayyen naɗi mai ƙaras-ƙaras da ake sayarwa a bakin titi da wuraren biki. Abincin Biyetnam ne. Sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kai yaƙin Indocin, wato yankin Biyetnam da maƙwabtanta, tsakanin 1946 da 1954, wasunsu sun dawo da matan aure daga can, matan suka kama sana'ar suya, har abin ya zama na gari. A Dakar da naman sa ko kaza ko jatan lande ake cusa shi. Na kawo wannan ne don gargaɗi, saboda ɗan'uwanmu da ya saba cin nem a Dakar idan ya gan shi a Paris ko Landan sai ya kai hannu ba tambaya, alhali a gidajen 'yan Biyetnam niƙaƙƙen naman alade ne cikinsa in ba an faɗi akasin haka ba. A Paris ma akwai wani kwano da ake kira bo bun, na naman sa da taliya da ganye, wanda ake yayyanka nem a kai. Sai ka ce a cire, kuma ka faɗa tun ba a haɗa ba.

Baban Hanifa (Landan):
Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto, kamar yadda ya kamata ga wanda aka yi wa karamci. Ranar Alhamis na koma ni kaɗai da misalin ƙarfe 3, lokacin da babu ciniki, na duba makinsu tun a hanya na ga 5. Na yi wa saurayin tambayoyin da kuka koya mini ɗaya bayan ɗaya, ina jin nauyi, shi kuwa ko a jikinsa, ya ce ba ni ne na farko ba. Ya ɗauko rasit daga wani ƙusa a bayan kanta ya nuna mini: tsokar da ƙashin duk daga dillalin naman halal guda suke zuwa, ya ce ba don addini suka fara ba, shi ne mai kawo musu kaya da farashi mai kyau. Sai ya juya ya yi wa mahaifiyarsa magana da harshensu, ta tashi ta ɗaga labulen kicin ta yafito ni. Tukwane uku na gani a jere. Ta nuna babbar ta ce "bo", ta nuna ta tsakiya ta ce "ga", ta nuna ta ƙarshe ta kaɗa mini yatsa alamar kada in kusance ta. Kowace da ludayinta a rataye a kunnenta. Ɗan ya ce uwar ba ta yarda a haɗa ba tun can, domin a wurinta ƙashin alade yana ɓata ƙanshin romon sa. Ya ce iyayensa ta sansanin 'yan gudun hijira na Hong Kong suka zo, kamar yawancin tsofaffin unguwar, bayan Birtaniya ta amince a 1979 ta karɓi mutum 10,000 daga can.

Amma ba duka ne ya yi daɗi ba, kuma shi da bakinsa ya faɗa mini. Kaskon suya ɗaya ne, a cikinsa ake soya naɗin alade da na ganye da fukafukan kaza. Ƙarfen gashi ma ɗaya ne. Dunƙulen naman nan da ake sa wa a romo kuwa a leda suke sayo shi, muka duba ledar tare babu alamar halal. Wato fiye da rabin takardar abincin ya fita daga hannunmu.

Ranar Asabar muka je mu huɗu. Ni da uwargida muka ci pho na sa mai dafaffen nama, yara suka raba kwano ɗaya na kaza, muka ƙara da naɗin da ba a soyawa, wanda aka naɗe a gabanmu da jatan lande zalla. Hanifa ta yi ta fama da tsinkayen cin abinci har tsohuwar ta kawo mata cokali mai yatsu tana dariya. Na sha kofinsu, wanda yake ɗiga a hankali daga wani ɗan gwangwanin ƙarfe zuwa kan madara mai kauri, sai a juye a kan ƙanƙara, kuma na gane dalilin da ya sa ƙasar take ta biyu a noman kofi bayan Brazil, domin ban runtsa ba sai ƙarfe 2 na dare. Duka kuɗin fam 43 ne. Suna sayar da giya a kwalba, amma da rana ba mu ga kowa yana sha ba, kuma mun zauna a teburin ƙarshe. Uwargida ta shanye romonta, sannan ta ce barkonon bai kai ba, kuma nan gaba da yajinta za ta zo a jaka.

Malam Abu Yusuf (Birmingham):
Madalla, Baban Hanifa, ka yi abin da ya hau kanka, kuma ban ga abin zargi a abin da kuka ci ba. Ni dai a karan kaina ba na cin nama a kicin da alade yake shiga, ko da tukwanen a rabe suke, domin ranar da ciniki ya yi yawa hannu yana iya kuskure. Wannan zaɓina ne, ba na ɗora shi a kan kowa. Ka riƙa sabunta tambayar lokaci zuwa lokaci, saboda dillalin nama yana canzawa takardar ƙofa tana nan yadda take.

Hajiya Maman Sadiq (Manchester):
Ni ina layin Malam, ƙafata ba za ta je ba, amma tsohuwar nan ta burge ni, mace mai raba ludayi ta san girki. Alhaji kuma na ji zancen daddawa, za mu haɗu. Yanzu Ɗan Damagaram, ka taimaka mini da abu biyu. Wannan mai siffar tauraro, guda nawa ake jefawa a tukunyar da ta ɗauki ƙashi kilo 2, kuma tun farko ake sa shi ko sai romon ya kusa? Na riga na aiki Sadiq wurin mahauci ya ajiye mini ƙashin ƙafa mai ɓargo na ranar Lahadi.

Ɗan Damagaram (Paris):
Hajiya, guda 4 ko 5 sun isa, idan ya yi yawa romon zai koma kamar magani. Ki ɗan gasa shi a busasshen kasko tare da kirfa da kanumfari har ƙanshi ya tashi, ki ƙulle su a ƙyalle mai tsabta, ki jefa a awa ɗaya ta ƙarshe. Kada ki rufe tukunyar ruf, kuma kada ki bari ta yi tafasa mai ƙarfi, in ba haka ba romon zai yi fari kamar na farfesun ƙafar sa. Ruwan kifin kuma cokali 3 ne, a ƙarshe, bayan kin buɗe tagogin.